Mutanen Cikin Wayarta

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Ba kuka ne ya sanar da ni ba, ba kuma salati ba. Wayar ce. Ina durƙushe a tsakar gida ina tankaɗe citta, sai ga Indo ƙanwata ta shigo ba sallama, riƙe da wayar yarinyar nan. Wayar da ko wanka za ta shiga sai ta ɗora ta a kan katanga inda za ta jiyo ƙararta. Na dubi wayar, na dubi Indo. Ban tambaye ta komai ba. Na ajiye rariyar a hankali don kada cittar ta zube. Wannan nake ta tunawa, wai don kada citta ta zube.

Ranar Talata ke nan. Yarinyar ta kai saƙon yaji tashar Kawo, ta ba direban Zariya, a hanyar dawowa mota ta kwashe ta wajen tsallaka titi. An ce ba ta sha wuya ba. Kowa haka ake ce masa.

Gida cike da mutane, ana ta yaba ni, wai Harira akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. 'Yar fari ce. A garinmu uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a, ba ta yabonsa, ba ta kiran sunansa. Haka na tashi na gani, haka na yi shekara ashirin da biyar. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan".

Littafin nan nata ne, ta saya ba ta kai ga rubuta komai ba. Zan riƙa zubawa a nan, tunda baki ya ƙi.

Talata, 8 ga Yuli

An yi sadakar bakwai. Baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Gidan ya koma daga ni sai maigidana Malam Ila, shi a zaure da carbinsa, ni a ɗaki.

A bayan ƙofa ga robobin yajin da muka cika tare ranar Lahadin ƙarshe, a jere har gindin taga. Kowace da takardarta a manne: Ummulkhairi Mai Yaji, sai lambar waya a ƙasa. To ga shi na rubuta. Rubutu ba kira ba ne, haka na gaya wa kaina, amma sai da na ajiye biron na ɗan zauna.

Ni ke soya barkono, ni ke daka, ni na san yawan kimba da masoron da ke shiga. Ita ke sayarwa. Tun da idon Malam ya yi hazo ya bar tuƙi, yajin nan ne ke ɗora mana tukunya. Sai yau na lura ban san fuskar mai sayensa ko ɗaya ba. Shekara huɗu.

Alhamis, 10 ga Yuli

Wayar tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Indo ta ce a kai wa masu gyara su buɗe ta, na ce a bari tukuna.

Da hantsi aka kawo wuta, na sa ta a caji. Ban san dalili ba. Tana kamawa saƙonni suka hau shigowa kamar ana watsa tsakuwa a kwano.

Makullinta zane ne da ake yi da yatsa. Ban taɓa tambayarta ba, amma sau nawa tana zaune gefena ina ganin yatsan nan ya sauko, ya karkata, ya hau. Na gwada, a na biyu ta buɗe. Gilashin ya ɗan tsage a kusurwa ɗaya, iyakar abin da ya same ta ke nan. Waya dai ta tsira.

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Karatuna aji shida ne. Hausa nakan bi a hankali, Turanci sai dai in tsinci kalma nan da can. Na wuni ina bin sunayen da ta ajiye. Ba ta sa sunan mutum shi kaɗai, sai ta haɗa da inda ta same shi.

Maman Suhaib layin asibiti. Anti mai jan mayafi napep Kawo. Malama gidan suna Badarawa. Baba mai tsire Katabu. Matar da jakarta ta tsinke a kasuwa. Akwai wadda ta sa wa Hajiya mai faɗa amma tana saye. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, sai kunya ta kama ni kamar an gan ni.

Sun fi ɗari huɗu.

Yanzu na gane ƙananan ƙullin yajin da ba ta rabo da su a jaka. In ta zauna kusa da mace a napep, kafin a kai gada ta san sunayen 'ya'yanta, ta miƙa mata ƙulli ɗaya ta ce ta je ta ɗanɗana, sannan ki ajiye lambata in ajiye taki, sai ki riƙa ganin kayana a sitatus. Na sha yi mata faɗa, in ce mace ba ta zama baki buɗe kamar ƙofar tasha. Sai ta ce, "Inna, duk wanda ya zauna gefena kasuwa ce ta zauna. Ke dai ki daka."

Abin da na fahimta shi ne, wanda bai ajiye lambarka ba, ba ya ganin abin da ka sa. Indo ta sa sanarwar rasuwa a nata sitatus ɗin, dangi sun gani, maƙwabta sun gani. Waɗannan ɗari huɗun ba su da lambar Indo. Ba su sani ba. A wurinsu tana nan, shiru kawai ta yi.

Litinin, 14 ga Yuli

Saƙonnin murya. Ashe duk abin da ta faɗa yana nan a ajiye.

Na danna ɗaya, sai ga ta a ɗakin, har da ƙarar taɓaryata a bayanta. Tana ce wa wata, "Anti, ai ba inji muke kaiwa ba, Innata ce ke dakawa da hannu. Hannunta daban ne, ko ruwa ta dafa sai kin nemi ƙari." A wani kuma, "Ki yi haƙuri sai jibi, Inna ba ta jin daɗi, ba zan bari ta taɓa turmi ba."

Na tuna ranar. Ce mini ta yi babu oda.

Ba ta taɓa faɗa mini irin wannan a ido ba, ni ma ban taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba. Zolayata dai ta iya. "Inna, faɗi sunana sau ɗaya in saya miki atamfa. Kunyar nan ta ƙauye ce, an daina yayinta." In ce tashi ki ba ni wuri, marar ta ido.

Laraba, 16 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban ci komai ba sai kunu.

Alhamis, 17 ga Yuli

Akwai wadda ta fi kowa turo saƙo. An ajiye ta da Hajiya Uwani abincin biki Malali. Daga hirarsu na gane ita ke dafa abincin taro, ita ta shigar da yarinyar cikin wani guruf na mata masu irin sana'arta, rabin masu saye ta hanyarta suka zo. 'Yata take ce mata.

Yau ta rubuto da Hausa: "Ummul shiru haka? Ina da biki ranar Asabar, roba goma manya. Akwai?"

Na daɗe ina kallon rubutun. Na san abin da ya kamata in rubuta. Na fara, Hajiya Allah ya yi wa, sai ga gurbin suna. Na goge. Na ce to in yi da murya, nan ma sunan ne ya tare hanya.

Na rubuta: Akwai.

Ta turo hoton zuciya ja.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na fita bakin titi karo na farko tun ranar. Na tare wani mai napep da bai san mu ba, na ba shi kayan da kwatancen da na gani a hirarsu, da lambar Hajiya.

Malam ya ji motsin robobi ya ce ina za a kai. Na ce tsohuwar oda ce da ta karɓa kafin ta tafi. 

Litinin, 21 ga Yuli

Hajiya ta turo murya. Babbar murya gare ta, mai dariya a ciki. Ta ce yaji ya yi, har uwar ango ta nemi lamba ta ba ta. A ƙarshe ta ce, "Ki gaida mini Inna, ki ce Allah ya ƙara wa hannun nan albarka."

Na rubuta: Za ta ji.

Allah ka yafe mini.

Alhamis, 24 ga Yuli

Yau mutum shida na amsa wa. To. Akwai. Sai gobe. Na gode. Da kalmomin nan huɗu nake tafiyar da abin da ita take yi da surutun wuni guda. In an kira ba na ɗauka, sai in rubuta ina cikin mutane.

Anti mai jan mayafi ta ce, "Ummul ko rana aka sa miki ne kika rage baki?" Sai na tura mata irin fuskar dariyar da na ga tana turawa.

Na koma turmi. Maƙwabta sun ji taɓarya sun leƙo, wai madalla Harira, haka ake so. Kuɗin ma asusunta suke shiga, ban san yadda ake fitar da su ba, ban kuma nema ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne. Da na so, da na rubuta mai wayar nan ta rasu, ya wadatar, ba sai na kama suna ba. Ba kunyar ce kaɗai ba.

A gidan nan ta mutu, a layinmu ta mutu, a wurin dangi ta mutu. Amma a Malali tana nan. A Katabu Baba mai tsire yana jiran ta ranar Laraba. Muddin akwai mai rubuto mata yana jiran amsa, akwai wani lungu na Kaduna da bai binne ta ba, ni kuma nake gadin lungun. In sun ce Ummul, sai in amsa. Sunan da ban iya kira ba, ga ni ina amsa shi.

Asabar, 2 ga Agusta

Hajiya ta kira sau uku a jere. Na riƙe wayar tana ɓari a hannuna har ta gaji.

Sai murya: "'Yata, muryarki nake son ji. Sati biyu kina ba ni to da akwai kamar mai sayar da katin waya. Ko na yi miki laifi ne?"

Na rubuta mura nake yi, murya ta dishe.

Ta ce, "'Yar mai citta da mura, abin kunya. Ki haɗa da zuma ki sha."

Laraba, 6 ga Agusta

Indo ta zo shirin arba'in. Ta ce, "Yaya, wayar nan fa? Ya kamata a sanar da kwastomominta." Na ce ban samu makullin ba. Ta dubi robobin da suka ragu, ta dube ni, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Lahadi, 10 ga Agusta

Arba'in.

Bayan azahar ne. Maza sun yi addu'a a waje, mata muna ɗaki da tsakar gida, ana rarraba waina. Na ji tsayuwar mota. Sai wata mata ta shigo, doguwa, mai jiki, da tabarau da leshi ruwan goro, leda a hannunta. Tun kafin ta gama sallama na san muryar. 

Ashe tambaya ta yi a bayan tasha, gidan mai yaji, aka nuna mata. Ta ga mutane ta zaci suna ake yi. Tana dariya ta ce, "Ina marar lafiyar da ta ƙi ɗaukar wayata? Yau sai ta yi mini magana ko da hanci ne."

 Indo ta miƙe ta ce, "Hajiya, wa kike nema?"

"Ummul mana."

Indo ta ce, "Hajiya, sai haƙuri. Yau kwana arba'in."

Ta zauna a ƙasa inda take, ba ta nemi tabarma ba. Ta yi salati a hankali. Can ta girgiza kai ta ce a'a, ba dai wannan Ummul ɗin ba, jiya da safe suka yi magana. Ta ciro wayarta ta miƙa wa Indo. Indo ta karanta, ta ja sama, ta sake karantawa. Sannan ta ɗago ta dube ni, duk matan ɗakin suka bi idonta.

Na ce, "Ni ce."

Hajiya ta cire tabarau. "Ke ce Inna?"

Na ce ni ce.

"Na ce a gaishe ki, kika ce za ki ji."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kwana arba'in ina tsokanar yarinyar da ke kabari. Ina ce mata 'yar mai citta. Ko sau ɗaya ban ɗaga hannu na ce Allah ya jiƙanta ba, don ban sani ba. Ba ni kika cuta ba, Inna. Mu nawa ne a wayar nan? Addu'armu kika tare mata."

Ta shafa fatiha, ta tashi. Ledar ta bar ta a bakin ƙofa. Zuma ce a kwalba da lemon tsami.

Ni wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ina ganin ajiye ta nake yi. Ashe mutum ɗari huɗu na tsaya wa a ƙofa.

Litinin, 11 ga Agusta

Malam ya kira ni zaure. Na zauna ina jiran faɗa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Harira, da kin gaya mini." Shi ke nan.

Indo ce ta yi faɗan. "Yaya, magana ta zaga layi. Ana cewa kin ci kasuwa da sunan gawa." Na ce su faɗa. Ta ce ita ba ta su take ba, ta ni take, me ya hau kaina.  Ta yi kuka, ni na ba ta haƙuri.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na daina amsa kowa. Ban kuma sanar ba. Saƙonni suna ta taruwa.

Danshin damina ya shiga robobin da suka rage, yajin ya fara dunƙulewa. Na buɗe ɗaya, ƙamshin ya ja baya. Ban shanya ba. Turmi na kife.

Asabar, 16 ga Agusta

Matar gidan da ke kallonmu ta aika a sayo yaji a wani layin. Ta gabana aka wuce da shi.

Litinin, 18 ga Agusta

Indo ta ce zama ba zai ciyar da mu ba, in fara nawa daga tushe, yadda yarinyar nan ta fara. Ta ɗaura mini ƙulli biyar ta sa a jakata, ta ce tunda za ni Babbar Kasuwa sayen barkono, kada in dawo da su.

A napep wata ta zauna gefena, matashiya, da farin takalmin ma'aikatan asibiti. Tun daga Kawo nake haɗa maganar a raina. Muka wuce gada ban ce komai ba. Muka wuce Unguwar Sarki.  Ita yarinyar nan ta ina take farawa? Can dai na zaro ƙulli na ɗora mata a cinya kamar mai ba da sadaka a ɓoye, na ce yaji ne, ni ke yi.

Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta yi dariya. Ta ce, "Mama, wannan ai na gaske ne. Kina WhatsApp? Ba ni lamba."

Tawa ƙaramar waya ce mai tocila. Na karanto mata lambar da ke jikin robobi, ita na haddace.

"Da wane suna zan ajiye?"

Na ce mai yaji.

"Mai yaji wa? Masu yaji uku gare ni a wayar nan."

In ce Harira a kan wannan lambar, kamar na kwashe kayanta ne daga ɗaki na zuba nawa. In faɗi ɗayan, harshe ya ƙi. Na zuba wa bayan direba ido. Ta ɗan jira, sannan ta ce a sauke ta. Da za ta fita ta ce, "To Mama, sai kin tuna sunan naki." Ba da wulaƙanci ta faɗa ba.

Na dawo da ƙulli huɗu. Barkonon ma ban saya ba, na zaga layin 'yan kayan miya na fito.

Juma'a, 22 ga Agusta

Hajiya Uwani ta turo murya. Wannan karon da Inna ta fara.

Ta ce ta huce, ita ma uwa ce. Ta ce a layin cirar kuɗi suka haɗu shekara biyu da suka wuce, rana ta buge ta jiri ya ɗebe ta, yarinyar ta riƙe ta ta zaunar, ta sayo mata ruwa, kafin ta gama sha ta riga ta karɓi lambarta. Ta yi dariya a nan, sannan muryar ta karye.

Sai ta ce, "Ban gaya wa kowa a guruf ba, ba kuma zan faɗa ba. Ba nawa ba ne. Ki yi da muryarki daga wayarta. Ki faɗi ko ke wace ce, ki faɗi sunanta cikakke don masu addu'a su san wa suke yi wa, ki ce ke ce kike amsa musu. Ranar da kika tura, a ranar zan aiko a ɗaukar mini yaji, in kuma ce wa matan nan hannun bai canja ba. Kafin nan, a'a."

Na zaci ta gama. Ashe da saura.

"Ta gaya mini ba kya kiran sunanta. Da dariya take faɗa. Amma sau uku ta faɗa mini, Inna."

Na kife wayar. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Malam ya ji.

Lahadi, 24 ga Agusta

Indo ta nuna mini yadda ake yi. In naɗi muryar in tura mata ita kaɗai, in ta yi daidai sai a zaɓi mutane a rarraba musu.

Na gwada sau biyar. Assalamu alaikum, sunana Harira, ni ce mahaifiyar. Nan nake tsayawa. Indo ta ce, "Yaya, wa ya rage da za ki ji wa kunya? Iyayenmu sun tafi, surukarki ta tafi." Na ce ba mutum nake jin kunya ba. Kamar ƙofa ce da aka daɗe ba a buɗe ba, ta kumbura.

Abin da ban gaya mata ba: tana raye ta roƙa ban ba ta ba. Yanzu in ba baƙi ɗari huɗu?

Laraba, 27 ga Agusta

Hajiya mai faɗa amma tana saye ta rubuto: "Ummul an yi arziki an daina kula mutane. Allah ya sa mu ma mu samu." Baba mai tsire ya ce ya koma wurin wata, bai zaci haka daga gare ta ba.

Yarinyar da ba ta taɓa barin saƙo ya kwana ba. Da na yi magana na zalunce ta, da na yi shiru ga shi ana jin haushinta.

Asabar, 30 ga Agusta

Da hantsi Malam yana zaure, na tura ƙofar ɗaki na zauna a bakin gado. Ban shirya ba. Na danna kawai.

Na ce sunana Harira, a Kawo nake, ni ke daka yajin da suke saye. Na ce wadda suka sani ta rasu ranar ɗaya ga watan Yuli, mota ce ta buge ta. Na ce duk wanda aka amsa wa bayan wannan ranar ni ce na amsa, ba ita ba, wanda aka ƙi amsa wa ma ni ce, su yafe mini, kada su riƙe ta. Na ce ina roƙon su sa ta a addu'a. Sai na faɗi sunan wadda za su sa.

Ya fita. Ban san yadda ya fita ba. Ya fi yadda na zata tsawo a baki.

Na saurara sau ɗaya. Muryar wata tsohuwa ce da ban sani ba. Ban goge ba, na tura wa Indo. Ta rubuto, "Yaya." Sai can, "In zo mu rarraba?" Na ce ta bari, da hannuna zan yi.

Da na kai wa Malam abinci ya ce ɗazu kamar ya ji ina magana da wani. Na ce ba kowa. Ya wanke hannu, ya ce, "Ban taɓa jin yadda yake fita daga bakinki ba." Na ce miyar za ta huce.

Da la'asar na tayar da turmin na wanke. Don ƙura ce kawai.

Na zaɓi sunayen farko, Maman Suhaib, Anti mai jan mayafi, Baba mai tsire, Hajiya Uwani. Na zauna da wayar a cinya har aka kira magariba, na tashi na yi alwala.

Ban tura ba. Har yanzu, ban da Hajiya, ba su san ta rasu ba.